Waɗanda Ba Su da Sarki: Rabon Masu Tawayar Ƙwaƙwalwa a Kasafin Kuɗin Al'umma

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya, tsohon hedimasta mai ritaya, ya gabatar a babban taron shekara-shekara da aka yi a Saminaka ta ƙasar Birnin Gwari

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci 'yan Adam, Ya bambanta su a ƙarfi da lafiya da fahimta, domin Ya jarraba sashensu da sashe. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Gabatarwa

Da takardar shugaban ƙungiya ta iso mini, inda aka nemi in yi magana a kan yadda jama'a za su sa baki cikin kasafin kuɗin gwamnati, na san abin da ake zaton ji daga bakin tsohon malami: rufin ajujuwa da kujeru da ƙarancin malamai. Duk waɗannan buƙatu ne na gaskiya, kuma akwai masu faɗarsu da yawa a wannan rumfa. Ni na zaɓi in yi magana a kan wasu mutane da ba su zo taron nan ba, ba kuma za su zo na baɗi ba, sai fa idan mun je mun ɗauko su. Amma kafin nan ina roƙon a yi mini haƙuri in biya wani bashi da ya daɗe a wuyana.

Ina sabon hedimasta, wata safiya a farkon zangon karatu, wata tsohuwa ta shigo ofishina riƙe da hannun jikanta. Yaron zai kai shekara tara. Yawu na zuba a gaban rigarsa, maganarsa ba ta fita sosai, idanunsa kuwa suna kan allon da ke jingine a bango. Ta ce ta kawo shi a rubuta shi. Na dube shi, na dubi rijista, na tuna ajin ɗaya da ya riga ya cika maƙil, sai na ce mata, "Iya, ki yi haƙuri, wannan ai ba na makaranta ba ne." Ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta ce, "To Malam, na ina ne?"

Ban ba ta amsa ba, domin ba ni da ita. Ta ja hannunsa suka fita. Bayan haka yaron nan ya shekara da shekaru yana zuwa ya tsaya a bakin tagar ajin ɗaya, har ya haddace ƙidaya daga ɗaya zuwa ashirin ta hanyar sauraro kawai, yara na yi masa dariya, mu malamai muna korarsa. Ya rasu yana saurayi, farfaɗiya ta kayar da shi a bakin rafi babu kowa kusa. Allah Ya ji ƙansa, Ya yafe mini. Tambayar kakarsa ita ce na kawo gabanku yau.

Su Wane ne Muke Magana a Kansu?

A ƙasar Hausa tun zamanin kakanni, masu naƙasa suna da tsarinsu. Akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Guragu, akwai Sarkin Kutare. Idan an zalunci makaho, ya san ƙofar da zai nufa, kuma idan za a raba wani abu a fada, akwai mai karɓa da sunan jama'arsa. Amma akwai wani rukuni da al'adarmu ba ta naɗa wa sarki ba, wato waɗanda tawayarsu take a girman ƙwaƙwalwa tun suna ƙanana. Sunayen da muka ba su ma sun isa shaida a kanmu: dolo, gaula, sauna, galahanga, ɗan ruwa. Babu ɗaya a ciki da uwa za ta so a kira ɗanta da shi.

Masana lafiya sun rarrabe su. Akwai mai jinkirin fahimta, wanda abin da sa'ansa zai koya a mako, shi sai ya yi wata ko shekara. Akwai mai larurar da likitoci ke kira da sunan Likita Down, wadda ke faruwa idan aka haifi yaro da ƙari a ƙwayoyin halittarsa, kuma ana samunta a kusan haihuwa 1 cikin 1,000 a ko'ina a duniya. Akwai wanda ƙwaƙwalwarsa ta sami rauni kafin haihuwa ko a lokacinta ko jim kaɗan bayanta, har gaɓoɓinsa suka sandare ko suka saki, ya kasa riƙe wuya ko zama, ko da yake da yawa daga cikin irinsu hankalinsu garau yake. Akwai kuma mai larurar otizim, wanda ke ƙin haɗa ido, yana jinkirin magana, yana maimaita abu ɗaya, hayaniya na firgita shi. Farfaɗiya kuwa takan haɗu da kowanne daga cikinsu.

Ya kamata mu lura cewa wannan dabam yake da taɓin hankali irin wanda ke samun mutum bayan ya girma. Rashin bambancewar nan ya sa aka ɗaure yara da yawa a turu ba tare da laifin komai ba. Duk muna tune da watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasunsu da mari a ƙafa. Iyaye ne da kansu suka kai da yawa daga cikinsu. Idan al'umma ba ta tanadi wuri mai kyau ba, iyayen da suka gaji za su kai 'ya'yansu duk inda aka buɗe musu ƙofa.

Daga Ina Abin Yake Zuwa?

Komai da ƙaddarar Allah yake faruwa, amma Allah Ya sanya wa abubuwa sabubba, Ya kuma hore mana sanin wasunsu. Doguwar naƙuda a gida, wadda ke hana jariri samun iska, tana cikin manyan sabubba. Haka nan shawara mai tsanani a makon farko na haihuwa, wadda a asibiti ake maganinta da wata fitila ta musamman, mu kuwa mukan tsaya jiƙe-jiƙe har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Akwai zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai, da rashin abinci mai gina jiki, da ƙarancin sinadarin aidin ga mai ciki, wanda saboda shi ne gwamnati ta wajabta sa shi a gishiri tun 1993. Akwai kuma sanƙarau. Dattawan da ke nan ba su manta da annobar 1996 ba, wadda ta kama mutane fiye da 100,000 a Arewa, ta kashe fiye da 11,000, ta bar wasu da kurumta ko raunin ƙwaƙwalwa har abada.

Akwai sababi guda da ya shafe mu kai tsaye, mu da Allah Ya ajiye wa zinariya a ƙarƙashin ƙasa. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ana daka duwatsun zinariya ana niƙa su a cikin gidaje, ƙurar tana shiga abinci da bakin yara. A 2015 irin wannan ta faru a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyarmu, yara 28 suka mutu. Waɗanda suka mutu an ƙidaya su, amma dalma takan bar wanda ya tsira da dusashewar fahimta wadda ba ta warkewa. Duk mai kawo dutsen haƙa cikin gida inda yara ke rarrafe, ya ji wannan da kunnen basira.

Sannan ga shekarun da muka yi cikin tashin hankalin 'yan bindiga. Ƙananan asibitoci da yawa sun rufe, ma'aikata sun janye, hanyar Kaduna ta zama abin tsoro, mata sun haihu a daji da gidajen aro, rigakafi ya yanke a ƙauyuka. Yaran da aka haifa a wancan hali su ne yanzu suke isa shekarun shiga makaranta. Duk hedimastan da ke bakin aiki a yau ya shirya, domin tsohuwar nan da jikanta suna nan tafe, kuma ba su kaɗai ba ne.

Abin da Doka ta Tanada

Wani zai ce wannan ai sha'anin tausayi ne da sadaka. Haka ne, amma kuma sha'anin haƙƙi ne wanda yake a rubuce. A 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin masu naƙasa, Nijeriya kuma ta rattaba amincewarta a 2010. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci. Dokar ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta ce kowace makarantar gwamnati ta kasance mai karɓarsu, da aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar domin kula da karatunsu. Ta ce mai tawayar ƙwaƙwalwa yana da haƙƙin magani kyauta a asibitocin gwamnati. Ta kuma yanka tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna musu bambanci. Da a yau na faɗa wa tsohuwar nan abin da na faɗa mata, da na taka doka.

A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da masu naƙasa. A 2021 Jihar Kaduna ta yi tata dokar, wadda a ƙarƙashinta ake da hukumar kula da al'amuransu ta jiha. Tun kafin waɗannan ma, a kuɗin da Gwamnatin Tarayya ke warewa domin ilimin bai-ɗaya a ƙarƙashin dokar 2004, akwai kashi 2 cikin 100 na ilimin yara masu buƙata ta musamman.

Ke nan doka ba ta yi ƙaranci ba. Sai dai doka kamar iri ce a cikin rumbu, ba ta tsiro sai an kai ta gona, gonarta kuwa ita ce kasafin kuɗi. Abin da ba a rubuta a kasafi ba, ba a fitar masa da ko sisi, komai kyawun dokar da ta ambace shi. Makarantar yara masu buƙata ta musamman ta jiha tana Kaduna. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Barnawa. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana Shika. Tsakanin Birnin Gwari da Kaduna akwai tafiyar fiye da kilomita 100. Ku auna da kanku, manomi nawa ne zai iya goya yaro mai shekara goma zuwa can kowane wata.

Ƙofar da Aka Buɗe

A da, kasafin kuɗi abu ne da ake yi a ofis, talaka ya ji shi a rediyo. Wani gari a ƙasar Barazil mai suna Porto Alegre ya yi suna tun 1989 da tara mazauna unguwanni su zaɓi ayyukan da za a yi musu da kuɗin hukuma, daga nan dabarar ta bazu a duniya. Nijeriya ta shiga ƙawancen gudanar da gwamnati a fili a 2016, Jihar Kaduna kuma ta shiga a karan kanta a 2018. Daga cikin abin da wannan ya haifar akwai kundin buƙatun al'umma, wanda ma'aikata ke kira CDC, inda jama'a ke zama su jera ayyukan da suka fi buƙata domin a shigar da su kasafi. Akwai kuma taron jin ra'ayin jama'a da gwamnatin jiha kan kira kafin a kai kasafi gaban majalisa.

Wasu abubuwa biyu sun ƙara wa wannan ƙofa faɗi. Na farko, a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Na biyu, a kasafin 2026 da Gwamna Uba Sani ya gabatar, an ware naira miliyan 100 ga kowace mazaɓa daga cikin mazaɓu 255 na jihar, domin ayyukan da jama'a suka zaɓa da kansu. Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari tana da mazaɓu 11, lissafi ya kama naira biliyan 1 da miliyan 100 ke nan. Sulhun da aka ƙulla a ƙarshen 2024, wanda ya kai ga sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, shi ya ba mu sararin da har muke zama muna irin wannan lissafi. Allah Ya ɗorar da zaman lafiya.

Me Ya Sa Ba a Jin Su?

Na halarci zaman jera buƙatu ba sau ɗaya ba, kuma kusan kullum tafiyarsa ɗaya ce. Ana yin sa da hantsi a makaranta ko ƙofar fada. Maza ne ke cika wurin. Wani ya ce rijiyar burtsatse, a tafa. Wani ya ce kwalbati, a tafa. Matasa su ce filin ƙwallo, 'yan kasuwa su ce rumfuna. Sai a ce a ɗaga hannu, abin da ya fi yawan hannuwa shi ne na ɗaya.

Wannan tsari adalci ne ga mai baki da mai hannun ɗagawa. Amma yaron da ba ya magana ba zai ce komai ba. Uwarsa, wadda ta fi kowa sanin halinsa, tana gida, domin ba ta da wanda za ta bar wa shi ko na sa'a ɗaya. Ubansa yana wurin taron, amma kunya ba za ta bar shi ya miƙe a gaban surukansa ya ce yana da irin wannan ɗa ba, don gudun kada a ƙi auren 'yan uwansa mata. Ko da ya daure ya faɗa, hannu nawa za a ɗaga masa? Rijiya ta kowa ce, larurar ɗansa kuwa ana ganin tasa ce shi kaɗai. Da haka za a shekara ashirin ana jin ra'ayin jama'a ba tare da an taɓa jin nasu ba, kuma babu wanda za a ce ya yi zalunci.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan kuwa mai ɗakin ba ya iya fitowa, wajibi ne maƙwabta su shiga su duba. Wannan shi ne aikin ƙungiya irin tamu.

Shawarwari

Ina gabatar wa wannan taro shawarwari shida, ina kuma roƙon sakatare ya rubuta su domin a tattauna.

Na ɗaya, mu ƙidaya su. Ma'aikacin kasafi ba ya aiki da "suna da yawa", yana aiki da lamba. A kafa ƙaramin kwamiti mai ɗauke da malamin makaranta da ma'aikaciyar lafiya da ungozoma da wakilin limamai, mata su fi yawa a ciki domin su ne ke shiga gidaje. Su bi unguwa-unguwa da izinin masu unguwanni, su rubuta shekarun yaro da abin da yake iyawa da abin da ya gagare shi. Littafin sunaye ya zama amana a hannun mutum biyu kawai, lamba ita ce za ta fita waje.

Na biyu, kafin ranar zaman mazaɓa, a yi wa iyaye mata nasu zaman dabam a cikin gida, a lokacin da ya dace da su, mace ta jagoranta, a bar su su zo da 'ya'yansu. Kada a tambaye su wane gini suke so. A tambaye su abin da ya fi ba su wuya daga safe zuwa dare. Sannan waɗanda ke iya magana daga cikin masu larurar, a saurare su da bakinsu, ko da maganar za ta ɗauki lokaci.

Na uku, mu nemi a keɓe kaso tun kafin a fara ɗaga hannu. Shawarata ita ce naira 5 cikin kowace 100 na kuɗin ayyukan mazaɓa. A miliyan 100, miliyan 5 ke nan. A rubuta wannan buƙata a takarda, dagaci da limami da shugabar mata su sa hannu, a kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisarmu na jiha, a riƙe kwafi mai hatimin karɓa.

Na huɗu, mu faɗi abin da za a yi da kuɗin dalla-dalla, kuma mu fifita mutane a kan gini. A ɗauki malami ɗaya ko biyu daga cikin 'ya'yanmu a tura su koyon ilimin yara masu buƙata ta musamman, wanda ake koyarwa a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Oyo, da sharaɗin su dawo gida su yi aiki. A ware aji ɗaya a makarantar da muke da ita, mai tabarmi da kayan koyo da makewayi mai sauƙin shiga. A tabbatar maganin farfaɗiya ba ya yankewa a asibitin da ya fi kusa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 7 cikin 10 masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa idan suna samun maganin da ya dace. A nemi likitan gashin ƙashi ya riƙa zuwa lokaci-lokaci yana koya wa iyaye yadda ake zaunar da yaro da ciyar da shi da motsa masa gaɓoɓi. A samar da fitilar maganin shawara mai aiki da hasken rana. Waɗanda suka girma kuma a haɗa su da masu sana'a, kiwo ko saƙa ko aikin lambu, gwargwadon abin da kowa zai iya.

Na biyar, kada mu tsaya jiran gwamnati. Ƙungiyar nan tana tara kuɗi kowace shekara, mu ma mu ware namu kason daga asusunmu, mu fara da kuɗin mota ga iyayen da aka tura Kaduna ko Zariya. Malamanmu su duba mana yadda zakkar hatsi da wakafi za su shiga wannan aiki. Wanda ya je wa hukuma da rabin aiki a hannu ya fi samun kunne a kan wanda ya je da ƙoƙon bara.

Na shida, mu bi sawu. Shigar aiki cikin kasafi mataki ne, fitar kuɗi wani mataki ne dabam. A taron baɗi, kwamitin ya tsaya a nan ya karanta mana abin da aka nema, da abin da aka rubuta, da abin da ya iso, a kuma buga shi a mujallarmu.

Ga Masu Cewa Lokaci Bai Yi Ba

Na san abin da wasu ke rayawa a zuci, kuma ba na ganin laifinsu. Za su ce masu lafiya ma suna zaune a ƙasa a ajin da babu rufi, gonaki sun shekara ba a noma ba, marayu da zawarawa sun cika gari, ina muka ga rarar da za mu kashe a kan yaron da ba zai zama likita ko injiniya ba?

Amsata uku ce. Da farko, rabin abin da na lissafa rigakafi ne, kuma kowane gida zai amfana: fitilar shawara da ungozoma mai horo ba su san ɗan wane za su ceta ba. Na biyu, a bayan kowane irin wannan yaro akwai uwar da ta bar sana'arta, sau da yawa kuma akwai yarinyar da aka cire daga makaranta domin reno. Idan yaron ya sami wurin zuwa na sa'a huɗu a yini, mutum uku aka 'yanta. Na uku, a iya sanina na shekarun da na yi ina riƙe da alli, ban taɓa ganin yaron da ba ya koyon komai ba. Wanda ya koyi cin abinci da hannunsa, ko zagayawa da kansa, ko faɗin sunan unguwarsu idan ya ɓace, ya sami ilimin da ya sauya rayuwar gidansu. Yaron da na kora ya koyi ƙidaya ta taga. Me zai koya da na bar shi ya shiga ta ƙofa?

Mu tuna kuma da lokacin gudu. Waɗanda suka kwana a daji sun san wanda aka fi shan wuyar ɗauka, da wanda ba ya gane a yi shiru idan an ce a yi shiru. Iyayen da suka goya irin waɗannan 'ya'ya suka tsallaka rafuka da su cikin dare ba su yar da su ba, domin hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Bai kamata yanzu da ƙura ta lafa, a zo rabon abin gyara, mu ne za mu manta da su ba. Malamai suna nan, sun fi ni sanin dalilin saukar Suratu Abasa, da irin matsayin da Abdullahi ɗan Ummu Maktum ya samu a Madina bayan haka.

Kammalawa

Shugaban taro, jama'a, an buɗe mana ƙofar faɗin ra'ayi a kan dukiyar da take tamu ce, abin da iyayenmu ba su samu ba. Za a tambaye mu yadda muka yi da ita. Idan muka shiga muka faɗi namu kaɗai muka fito, to, mun yi abin da kowa ke yi. Tunda al'ada ba ta naɗa wa bayin Allah nan sarki ba, ina roƙon wannan ƙungiya ta zama ita ce mai magana da yawunsu a gaban hukuma, kuma kada mu tashi daga nan sai an ambaci sunayen 'yan kwamitin ƙidaya da ranar da za su fara. Ni ma, in an yarda, a sa sunana a ciki. Ƙafa ta yi nauyi, amma har yanzu ina iya riƙe rijista, kuma ina fatan kafin in koma ga Ubangijina in rubuta sunan irin yaron nan a cikinta da hannuna.

Ga iyayen da ke ɗauke da wannan jarrabawa a ɓoye, ina cewa ku fito, babu abin kunya a cikin abin da Allah Ya ba ku amana. Ga malamai 'yan uwana da ke bakin aiki, idan wata tsohuwa ta shigo muku da jikanta, ku ba ta kujera, ku buɗe rijista.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa nawa ne, ina neman afuwa. Allah Ya ƙara wa Mai Martaba lafiya da nisan kwana, Ya zaunar da ƙasar Birnin Gwari da Jihar Kaduna da Nijeriya lafiya, Ya ji ƙan waɗanda muka rasa, Ya mai da kowa gidansa lafiya.